Kwantaccen Cikin Batula

Ranar Alhamis ce, a tsakiyar bazara. Tun da hantsi hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya a kan Jabo, ya ƙi zuba, ya ƙi wucewa. Iska ta ɗauke ɗif, kaji sun saki baki a gindin rumbu. A ranar Batula ta wanke 'yan kayanta, domin takabar mijinta Abdulƙadir ta ƙare, kuma washegari wanta Attahiru zai zo da babur ya mayar da ita gidan ubansu a Fakku.

Ta ɗaga zane za ta rataya a igiya, hannu ya ƙi kaiwa. Gajiyar nan ce da ta fi shekara tana bin ta, irin wadda barci ba ya wankewa. Ta jingina da garu tana mayar da numfashi, ɗaurin zaninta ya sassauta. Surukarta Inna Marka tana zaune a inuwa tana tsince wake. Ta ɗago kai, ta kafa wa cikin Batula ido.

"Ke, matso nan."

Batula ta matsa.

"Yaushe rabonki da fashin salla?"

"An jima, Inna. Tun marigayi na kwance."

Tsohuwa ta ture faifan wake gefe, ta ɗora tafin hannu a kan cikin, ta danna a hankali.

"Ashe Abdu bai tafi haka nan ba. Ya bar mani baya."

"Inna, ba shi ba ne. Biyu na haifa, na san yadda ciki ka zama. Wanga ko motsi ba shi yi."

"Ɗiya mata kinka haifa. Namiji ba shi da rawar kai. Kwashe kayanki ki mai da ɗaka."

Da Attahiru ya iso washegari, a zaure aka tsayar da shi. Maccido, wan marigayi, wanda gidan ya koma hannunsa, shi ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura. Batula tana bayan ƙofa tana ji.

"Sai haƙuri, Malam Attahiru. Kai ma ɗan malamai ne, ka san iddar mai ciki haihuwa ce. Ba ta barin gidan mijinta sai ta sauka. Gado ma mun tsai da rabonai, sai mun ga abin da Allah ya kawo."

Attahiru ya ce Allah ya raba lafiya. Da ya shiga gaisuwa ya dubi ƙanwarsa, ya ce ta rame. Kafin ta buɗe baki Inna Marka ta ce laulayi ne. Ya koma Fakku da bayan babur ɗinsa wayam.

Akwai abin da ba a faɗa a zauren ba. Abdulƙadir ya bar gonar fadama, da shanun huɗa biyu, da rumbu cike da gero. In aka raba, kusan duka na 'ya'yansa mata ne, Rumasa'u da Ni'imatu, sai uwarsu da tsohuwa. Abin da zai faɗo hannun Maccido bai taka kara ya karya ba. Amma muddin ana jiran ciki, babu rabo, kuma muddin babu rabo, mai riƙo shi ne mai ci.

Batula ba ta san sunan ciwon ba, amma ta san hanyarsa, domin ita ta raka mijinta a kanta har ranar da aka fita da shi. Shi ma da kasala ya fara, da ƙin abinci. Yanzu ita ce in ta ji ƙamshin man shanu a miya zuciyarta take tashi. Inna ta ce ai ɗa namiji haka yake, shi ke zaɓa wa uwarsa abinci tun yana ciki.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ƙaiƙayi ya zo mata, ba ƙurji, ba ƙazwa, kawai fatar ce ke ci kamar an zuba mata ƙaiƙayin gero a riga. Ta samu totuwar masara tana sosawa har jikin ya yi zane-zane. Fitsarinta ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta. In ta yi asuwaki, bakin icen ja yake fitowa. Inda tulu ya taɓa ta a kafaɗa sai wurin ya yi baƙi ya kwana biyu bai washe ba. Ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama akwai wani nauyi da ke zaune, kamar an cusa dutsen niƙa. Duk abin da ta nuna, Inna tana da amsarsa a bakin zane: zafi ne, jinin ciki ne, kowace mace ta gani. Aikin gida kuwa ba a rage mata ko ɗaya ba, wai mai ciki in ta zauna haihuwa takan yi mata gardama.

Watannin haihuwa suka cika suka wuce, in an ƙirga daga lokacin da marigayi ya kwanta ciwo. Mata suka fara magana a bakin rijiya. Inna Marka ba ta girgiza ba. Ta ce cikin kwanciya ya yi, baƙin cikin mutuwar ubansa ne ya sa ya naɗe. Ai ƙanwar uwarta ma shekara uku ta yi da ciki kafin ta haifi ƙato. In lokacinsa ya yi zai tashi.

Wata safiya Batula ta leƙa ruwan randa, ta ga idonta. Farin ya koma ruwan ɗorawa. Ta fito tsakar gida. Maccido yana tsugune yana gyara garma, tsohuwa tana kaɗi.

"Inna, dubi idona. Ciwon da yak kashe ɗanki shi ne a jikina. Duk abin da nig gani gare shi, ga shi ina gani ɗaya bayan ɗaya."

"Rufe mani baki. Abdu sammu anka yi mai."

"Shi ma cikinai ya kumbura har riga ta bar shiga. Shi ma haihuwa za shi yi?"

Mazarin ya tsaya a hannun tsohuwa. Batula ta juya wajen Maccido, ta durƙusa da ƙyar, ciki yana tokare mata numfashi.

"Yaya, don girman Allah a kai ni asibiti Tambuwal a duba ni. Kun san yadda marigayi yak kwanta. Tun daminar bara..." Magana ce da mace ba ta faɗa a gaban wan miji. Ta runtse ido ta ƙarasa. "Ko juyawa ba shi iyawa sai na juya shi. Ta ina ciki za shi fito?"

Maccido ya ajiye guduma a hankali. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne.

"To madalla. Mu mun rufa maki asiri, mun ce na ƙanena ne, kwanciya yay yi. Ke kin ce ba nashi ba ne. Sai ki faɗa muna na wane ne, tunda ga ciki nan kowa na gani."

Batula ta dube shi. Ta dubi Rumasa'u da ke bakin murhu ta sunkuyar da kai. Ta miƙe ta koma ɗaki. Tun daga ranar ta gane cewa ƙofa biyu kawai aka bar mata: ko ta zama mai kwantaccen ciki, ko ta zama abin nuni, ita da 'ya'yanta.

Maganar ido kuwa, aka ce shawara ce, kuma kowa ya san shawara ba ta son allura. In aka kai mai shawara asibiti aka soka masa allura, sai gawa. Aka dinga dafa mata saiwoyi masu ɗaci tana sha tana amarwa. Da ƙafafunta suka kumbura har yatsa yana lotsawa ya bar rami, aka kira Ɗan'iya wanzami, wanda shi ke yi wa gidan aski da ƙaho tun tana amarya. Ya tsattsaga mata ƙwauri ya kafa ƙaho. Jinin ya ƙi tsayawa har rana ta karkata.

"Bar shi shi zuba," in ji Inna. "Mugun jini ne ka fita."

Ɗan'iya ya goge askar a tsumman da ke cinyarsa. Tunda ya zo, aka ce ya yi wa Rumasa'u ƙaho a ƙeya, ta kwana biyu tana kukan ciwon kai.

Ana cikin noma na biyu Malama Halimatu, matar liman, ta shigo dubiya. Ta ga Batula kwance a tabarma, wuya kamar sillen kara, ciki kamar tulu, ta zauna kusa da ita.

"To mi hoton yan nuna?"

"Wane hoto, Malama?"

"Na asibiti mana. Ranar da Maccido yaz zo tambaya ina ji. Malam ya ce mai, kwanciyar ciki na nan cikin littafi, ba a musu. Amma yanzu Allah ya hore abin da ka leƙa ciki a gani, don haka a kai ki a duba kafin a tsai da magana. Ba a kai ki ba?"

Rabin fatawa Maccido ya kawo gida. Rabin da bai yi masa ba, a ƙofar liman ya bar shi.

Da Malama ta tare shi a zaure, bai musa ba. Ya ce ai yana sane, bari dai a gama noma. Da aka gama noma ya ce rafi ya kawo, hanya ta yanke. Da rafi ya janye ya ce girgizar babur tana zubar da ciki, in ya zube wa zai biya shi jinin ƙaninsa? A tsakanin nan ya sayar da sa ɗaya cikin shanun marigayi, wai don kada ciyarwa ta ci marayu, ya sayi babur sabo. Babur ɗin ya kai taki fadama, ya kai Maccido ɗaurin aure har Kebbe. Hanyar ba ta taɓa yanke masa ba.

Gero ya fara fitar da kai, hankalin Batula ya fara tafiya yana dawowa. Takan yi barci da rana tsaka a zaune, tuwo a hannu. Wata rana ta saka takalminta a cikin randa. Ta kira Ni'imatu da sunan uwarta da ta daɗe da rasuwa. In ta miƙa hannu, tafin yakan yi ta faɗuwa yana tashi kamar fiffiken kazar da aka yanka. Wannan ma ta gan shi a jikin mijinta, kuma ta san abin da ke biye da shi. Inna ta ce iskoki ne ke bin yaron don sun san mai arziki ne. Aka turnuƙe ɗakin da hayaƙin turare, aka rufe ƙofa don kada ya fita.

A ɗaya daga cikin ranakun da hankalinta ya dawo, ta kama hannun Malama Halimatu.

"Ki sa a kira mani Attahiru. Ki ce mai in yana son shi ganni da rai. Kada ki ce gaisuwa."

Ranar da ya iso, da hantsi, Batula ta riga ta yi aman jini a bakin ƙofar ɗakinta, baƙi, guda-guda. Inna tana zuba ƙasa a kai. Attahiru ya zo da motar haya. Maccido ya tare ƙofar zaure.

"Malam Attahiru, maganar idda fa..."

"Kauce mani, Maccido."

"Shari'a ce, ba ni na aza ta ba."

"In zunubi ne a rubuta mani shi. Kauce."

Ya ɗauko ta kamar yarinya. Ban da cikin, babu nauyin komai a jikinta.

A asibiti wata likita ta shafa mata mai a ciki, ta yi ta yawo da abin hoton tana kallon allo. Ba ta daɗe ba.

"Baiwar Allah, wa ya ce miki ciki ne da ke? Babu ɗa a nan. Ruwa ne ya taru."

"Sake faɗi," in ji Batula. "Ki faɗa da ƙarfi yayana shi ji."

Likita ta sake faɗa. Batula ta rufe ido, hawaye ya gangara mata cikin kunne.

Bayan an auna jini likitar ta dawo ta zauna a bakin gado. Ta ce ciwon hanta ne, irin wanda suke kira C. Ta jini yake shiga: aska ɗaya a jikin mutum da yawa, allurar da aka sake amfani da ita, jinin da aka ƙara ba a tantance ba. Yakan yi shekaru a jiki shiru, yana cin hanta, mai shi bai san komai ba sai gajiya. Ta tambaya ko an taɓa yi mata ƙaho. Batula ta ce kowace bazara, ita da mijinta, tabarma ɗaya, aska ɗaya. Ta tambaya me ya kashe mijin. Batula ta lissafa mata, tun daga kasala har aman jini, likita tana gyaɗa kai.

"Yana da magani?" in ji Attahiru.

"Yana da shi. Ƙwayoyi ne na 'yan watanni, kuma ana warkewa sarai. Amma maganin ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya mayar da hantar da ta ƙeƙashe. Tata ta yi nisa."

"Da mun zo da bazara fa?"

Likita ta dubi takardar hannunta kafin ta amsa. "Da muna da abin yi fiye da na yau. Ku kawo 'ya'yanta a auna su, da duk wanda askar nan ta taɓa."

Aka soka mata siririn bututu a gefen ciki, ruwa rawaya ya dinga tsiyaya cikin bokiti. Cikin ya sauka, ta samu ta ja numfashi har ƙasa, abin da ta manta yadda ake yi.

Washegari Inna Marka da Maccido suka zo a kan sabon babur, da kwanon tuwo. Tsohuwa ta tsaya a bakin gado. Ba fuskar Batula ta duba ba. Ta yaye zanen, ta ga ciki ya faɗa, fata ta yi yaushi. Ta dafa, ta sake dafawa.

"Ina jikana?"

"Gwaggo, babu ɗa," in ji Attahiru. "An yi hoto, ni na gani da idona. Ruwa ne."

"Kun zubar. Kun kawo ta nan an zubar mani da ɗan Abdu." Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Wata da watanni ina tattalinai."

Batula ta juyo da kai a kan matashi. Kowa a ɗakin ya ji abin da ta ce.

"Ga shi can cikin bokiti, Inna. Ɗauki ki goya."

Maccido ya ce a yi mata uzuri, ciwo ne ke magana. Attahiru ya gaya masa abin da likita ta ce game da yaran da askar wanzami. Maccido ya karkaɗe hularsa ya mayar.

"Ɗiyan ƙanena ba su zuwa nan a liƙa musu ciwo, gobe a rasa mai aurensu. Gidanmu ba a san wanga abu ba. Ɗan'iya kuwa ubanai yay yi ma ubanmu aski, ba wanda yam mutu."

"Abdulƙadir fa?"

"Kwana nai ya ƙare."

"Yaya," in ji Batula, "na yafe gonar, na yafe shanun. Rumasa'u kaɗai ni ka roƙo. A auna ta."

"Ki ji da jikinki. In an gama girbi mu gani."

Da asibiti suka yi abin da za su iya, Attahiru ya wuce da ita Fakku. A ɗakin da aka haife ta ta yi sauran kwanakinta. Ruwan ya sake taruwa. In hankalinta ya dawo takan tambaya ko an kai yaran, a ce mata ana shiri. Ta rasu ana ɗaurin dawa, sanyi bai gama sauka ba.

A zaman makoki Maccido ya zo da jama'a mota guda. Ya zauna a sahun gaba, ya karɓi gaisuwa, yana cewa su dai sun yi iya ƙoƙarinsu, babu saiwar da ba su nemo ba. Ya ce tun farko sai da ya faɗa, shawara ba ta son allura, amma aka fi ƙarfinsa. Mutane suka gyaɗa kai. Maganar da ta koma Jabo ke nan, kuma ita ta zauna: an ɗauke mace da cikinta an kai asibiti, an zubar da cikin, allura ta ƙarasa ta. Attahiru ya je neman yaran har sau biyu, aka ce masa 'ya'ya na dangin uba ne. Gado kuwa an raba shi a ƙarshe, a gaban shaidu, yadda littafi ya ce. Sai dai masu rabon marayu ne ƙanana, dole a samu mai riƙe musu, kuma duk gidan babu babba sai Maccido.

Ga abin da aka rasa a gidan nan. Namiji ɗaya, da ciwon da ba a taɓa kiran sunansa ba. Mace ɗaya, da ta faɗi ciwonta da bakinta tun tana iya tsayuwa. Sa ɗaya. Geron rumbu guda, da amfanin fadama na damina ɗaya. Yara biyu sun rasa uwa, kuma har yau ba wanda ya san abin da ke cikin jininsu. Jikan da Inna Marka take yi wa kuka har gobe ba ya cikin lissafi, domin ba a taɓa yin sa ba.